Tarihin Faifan Ƙanƙance Littattafai da Gafakar Kakanninmu

Muna gode wa Allah da Ya mayar da mu gidajenmu da masallacinmu. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Waɗanda ba su dawo tare da mu ba, Allah Ya ji ƙansu, Ya sa Aljanna ce makomarsu.

Bayan haka, a zaman kwamitin masallaci na watan jiya, da aka kawo maganar ɗaukar hoton tsofaffin littattafan da suka saura a hannun jama'a, na ambaci kalmar maikurofim. Da aka tashi, wani ɗalibina na ajin nahawu ya biyo ni har wajen takalma ya ce, "Allah gafarta Malam, shi wannan abin da ka faɗa mene ne?" Na ba shi amsa a tsaye, na ga bai ƙoshi ba. Na kuma lura cewa dattawa biyu da suka fi kowa ƙin maganar a wurin zaman ba su ƙi ta don jahilci ba, suna da hujjarsu, kuma hujjar na san ta tun ina yaro, don a gidanmu na fara jin ta. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta abin da na sani, kowa ya karanta a natse.

Maikurofim kalmar Turawa ce. Larabawa sun ɗauke ta yadda take, a littattafai kuma za ka ga sun rubuta musaggarat filmiyya, wato abubuwan da aka ƙanƙance a kan fim. Aikin ba shi da wuyar fahimta. Ana shimfiɗa takarda a kan tebur, a kunna fitila dama da hagu, kyamara tana rataye a sama tana kallon ƙasa. A ɗauki shafi, a juya, a ɗauki na gaba. Fim ɗin siriri ne, faɗinsa milimita 35, kamar faɗin yatsu biyu, tsawonsa kimanin mita 30, a naɗe a kan ɗan gare-gare. Naɗi ɗaya yana ɗaukar ɗaruruwan shafuka, kuma zai shiga aljihun jallabiya. In za a karanta, sai a ɗora shi a wata na'ura mai fitila da gilashi irin ta majigi, rubutun ya fito da girmansa a kan allo, kana murɗa hannu shafuka suna wucewa. Akwai kuma ɗan'uwansa da ba a naɗewa, shi falle ne kamar tafin hannu, ana ce masa maikurofish, falle ɗaya yana ɗaukar shafi 98.

Wanda ya fara gwada ƙanƙance rubutu da hoto wani Bature ne mai sana'ar gilasai a ƙasar Ingila, John Benjamin Dancer, a 1839. A lokacin abin wasa ne da ban mamaki, ana sayar wa masu kuɗi su leƙa su yi dariya. Wani Bafaranshe, René Dagron, ya yi wa tasa dabarar rajista a 1859. Amfanin abin bai bayyana ba sai da yaƙi ya zo, kuma mu da muka ga abin da muka gani, wannan labarin zai shige mu. A 1870 sojojin Jamus suka kewaye birnin Faris, ba shiga ba fita, har wata huɗu. Mutanen birni suna fitar da wasiƙu da balan-balan mai tashi sama, amma iska ba ta mayar da balan-balan inda ya fito. To yaya amsa za ta shigo? Sai aka riƙa fitar da tattabarun Faris a cikin balan-balan, don tattabara ta san gida. Dagron kansa ta balan-balan ya fita. A waje ana buga saƙonnin mutane a manyan takardu, ya ɗauke su a wani fim mai laushi kamar ɓawon albasa, a naɗe a cusa a cikin kararen gashin tsuntsu, a ɗaure a wutsiyar tattabara. Tsuntsuwa ɗaya tana shiga da dubban saƙonni. A cikin birni a haska a bango, magatakarda su zauna su kwafe, a raba wa masu su.

A nan malamin Larabci ba zai iya wucewa bai yi magana ba. Aika saƙo da tattabara tsohon aiki ne a wajen Musulmi. Sarki Nuruddin Mahmud ɗan Zanki ya tsara shi a ƙasar Sham a shekara ta 567 bayan Hijira, da hasumiyoyi da ma'aikata. Ƙalƙashandi a cikin Subhul A'asha ya yi bayanin wani siririn rubutu da ake ce wa gubar, wato ƙura, saboda ƙanƙantarsa, da shi ake rubuta takardun da tsuntsu zai ɗauka. Ashe buƙatar ɗaya ce tun da can, su da alƙalami suka biya ta, Dagron da gilashi.

Daga nan abin ya shiga kasuwa. Wani ma'aikacin banki a New York, George McCarthy, ya ƙera na'urar ɗaukar hoton takardun cek, kamfanin Kodak ya saye ta a 1928. A 1935 aka fara ɗaukar jaridar New York Times a fim, saboda takardar jarida ba ta da ƙarko, kuma tana cin wuri. A yaƙin duniya na biyu wasiƙun sojojin Ingila da Amurka ma haka aka riƙa ƙanƙance su don jirgi ya ɗauki da yawa. Wannan duk tarihin wasu ne, na wuce shi da sauri.

Namu ya fara a Alƙahira. A 1946 Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa ta kafa Ma'ahadul Makhɗuɗat, cibiyar littattafan da aka rubuta da hannu. Aikinta shi ne aika tawaga da kyamara zuwa inda littattafan suke, Istanbul, Maroko, Yaman da sauransu, a ɗauka a fim a tara a wuri ɗaya. Ɗalibai, ku duba gabatarwar manyan littattafan da ke cikin ma'ajin masallaci, waɗanda aka buga a Masar da Bairut. Sau da yawa za ku ga mai tahƙiƙi ya ce ya dogara da kwafi kaza da ke ɗakin karatu kaza a Turkiyya, ga hoton shafin farko da na ƙarshe. Da yawansu ba su taka Turkiyya ba, faifai aka kawo musu. Muna karanta amfanin maikurofim shekara da shekaru ba mu san sunansa ba.

Sai ƙasar Hausa, inda nake son mu daɗe. Lokacin da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris 1903, littattafan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello da 'yarsa Nana Asma'u ba su ɓace ba, suna nan a gidajen malamai, ana kwafa ana karantarwa a zaure. Amma a warwatse suke. Wannan yana Sakkwato, wancan yana Gwandu, wani a Kano ko Zariya ko Bauci ko Yola, wani kuma ya biyo masu hijira zuwa gabas. Ba wanda ya san adadinsu. Tarihin da ake koyarwa a makarantun boko kuwa daga rahotannin jami'an mulkin mallaka aka tsamo shi, inda jihadin ya zama rikicin Fulani da Haɓe kawai a kan sarauta.

A tsakiyar shekarun 1950 wani ma'aikacin ɗakin karatu na Kwalejin Jami'a ta Ibadan, W. E. N. Kensdale, ya zagaya Arewa yana neman littattafan Larabci. Wasu ya saya, wasu ya aro aka ɗauke su a fim aka mayar wa masu su. Tsakanin 1955 da 1958 ya buga jerin sunayen wallafe-wallafen Shehu da na Abdullahi da na Bello, da kundin abin da Ibadan ta tara. A 1964 John Hunwick ya kafa cibiyar adana rubuce-rubucen Larabci a Jami'ar Ibadan, kuma ginshiƙin aikinta ke nan: a aro, a ɗauka, a mayar. A wannan zamanin ne kuma aka fara shirin binciken tarihin Arewa a Zariya, ƙarƙashin H. F. C. Smith, wanda daga baya ya musulunta ya zama Abdullahi Smith, shi ne kuma ya kafa Arewa House a Kaduna a 1970. Murray Last ya zauna a Sakkwato yana karatu a gaban Waziri Junaidu, wanda ya buɗe masa taskar gidan waziranci, wasiƙu da littattafai, daga nan littafinsa a kan daular Sakkwato ya fito a 1967. A Gana ma an yi irin wannan aiki, inda Alhaji Usman Boyo ya riƙa bi gari-gari yana aro wa Jami'ar Gana littattafai ana ɗauka, cikinsu har da rubuce-rubucen Alhaji Umaru na Salaga da Karaki, haifaffen Kano, wanda ya rasu a 1934.

Sunayen Turawa ne suka fi fitowa a bangon littattafai, amma mai hankali ya san Bature ba ya shiga zauren malami a Gwandu ya fito da gafaka haka kawai. Akwai malamai da alƙalai da ma'aikata 'yan ƙasa da suka yi gaba, suka yi gaisuwa, suka ɗauki alkawari da bakinsu cewa littafi zai dawo, suka zauna suka tantance wannan na wane ne, wancan guntun wane littafi ne. Da amanarsu aka yi aikin. Sunan mafi yawansu bai hau bango ba. Allah Ya saka musu.

Me faifan ya canza? Kafin shi, wanda yake son ya gwada kwafi uku na littafi ɗaya sai ya yi tafiyar watanni, ya nemi alfarma a gida uku, kuma ba zai taɓa ajiye su gaba ɗaya a gabansa ba. Da faifai sai ga na Sakkwato da na Kano da na Yola a kan tebur ɗaya. A nan ne ake gane inda mai kwafa ya tsallake layi, inda ya sauya kalma, inda aka jingina wa Shehu abin da ba nasa ba. Da aka tara, sai aka ga wallafe-wallafen Shehu kaɗai sun haura ɗari, a tauhidi da fiƙihu da tasawwufi da sha'anin mulki. Daga nan ba a ƙara iya rubuta tarihin jihadi ba tare da an saurari masu jihadin da bakinsu ba.

Kuma mu mutanen Sudan muna da hannu a ciki. Dokta Muhammad Ahmad al-Hajj, ɗan ƙasar nan, ya koyar da tarihi a Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano, ya kuma kammala bincikensa a kan aƙidar Mahdiyya a Arewacin Najeriya a 1973. Dokta Fathi Hasan al-Masri ya yi tahƙiƙin littafin Shehu, Bayanu Wujubil Hijra, a Ibadan, madaba'ar Jami'ar Khartum ta buga shi a 1978. Ku dubi wannan zagaye. Littafin da Shehu ya rubuta a kan wajibcin hijira a 1806, wanda irin karantarwarsa ce ta fitar da Sarkin Musulmi Attahiru daga Sakkwato har ya yi shahada a Burmi a watan Yuli 1903, ta kuma kawo ɗansa Muhammadu Bello Maiwurno da jama'arsa har bakin Nil Azraƙ kudu da Sinnar, shi ne aka zo aka buga a Khartum bayan shekara saba'in da wani abu. A Darul Wasa'iƙ ta Khartum kuwa, Dokta Muhammad Ibrahim Abu Salim ya ƙarar da rayuwarsa wajen tsara takardun Mahdiyya, kuma a cikinsu akwai wasiƙun da suka gudana tsakanin Umdurman da Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Muhammadu Bello. Tarihin Sakkwato yana da reshe a nan, kamar yadda namu yake da saiwa a can.

Abin da bai samu ba shi ne a bi ƙauyukanmu na Jazira da Nil Azraƙ gida-gida da kyamara kamar yadda aka bi Sakkwato da Gwandu. Masu bincike sun zo, ba a ce ba su zo ba. Umar al-Naƙar ya rubuta a kan tafiyar hajji ta mutanen yamma, aka buga a Khartum a 1972. Mark Duffield ya zauna a Maiwurno ya fitar da littafi a 1981. Bawa Yamba ya zauna a cikinmu a nan yankin Madani, littafinsa ya fito a 1995. Amma su rayuwarmu suka zo dubawa, noman auduga da ƙwadago da niyyar hajjin da ba ta ƙarewa. Gafakokin da kakanninmu suka rataya a kafaɗa daga Kano da Katsina da Damagaram suna nan a cikin akwatuna da ƙarƙashin gado.

Ga hujjar dattawan da na ce na sani. Ina ɗan shekara goma sha huɗu ko sha biyar wani malamin jami'a daga Najeriya ya sauka ƙauyenmu, Bahaushe, mai ladabi ƙwarai. An gaya masa mahaifina yana da littattafan kakana. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, aka kawo shayi, ya ce, "Allah gafarta Malam, ba saye na zo yi ba. A ba ni aro kwana uku in kai Khartum a ɗauki hoto, in dawo da su da hannuna." Baba ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, wanda ya zo kafin kai ma kwana uku ya ce." Gaskiya ya faɗa. Shekaru kafin haka wani ya ari wani littafin fiƙihu na kakana, har yau ana jiran sa. Baƙon ya ce to a bar shi ya zo da kyamara nan gida. Baba ya ce zai yi shawara. Da baƙon ya tafi na ji yana ce wa ƙanensa, ilimi daga baki ake karɓarsa da izini, in aka sa shi a faifai kowa ya gani, wanda ya cancanta da wanda bai cancanta ba. Baƙon bai dawo ba, mu ma ba mu neme shi ba.

Ba zan ce Baba bai da gaskiya ba, Allah Ya ji ƙansa. An sha cin amanar masu littattafai a ƙasashe da yawa. Akwai ma wanda aka ƙwace da ƙarfin bindiga: taskar Ahmadu ɗan Alhaji Umaru Futi da Faransawa suka kwashe daga Segu a 1890 tana Faris har yau. Maganar izini ma gaskiya ce, faifai ba ya ba da ijaza, kuma wanda ya ɗauki fiƙihu daga takarda ba malami zai yi ɓarna fiye da gyara. Inda na saɓa masa, bayan shekaru arba'in ina juya abin, shi ne lissafin abokan gaba. Baba ɓarawo ɗaya yake tsaro, mai ƙafa biyu. Bai sa gara a lissafi ba, da asu, da ɓera, da ruwan da ke bin rufin ɗaki a kharif. Balle abin da ya zo daga baya.

Shi ma faifan yana da nasa aibu, kuma ya kamata ɗalibai su san su, don wata rana wani cikinku zai zauna gaban wannan na'ura. Na farko, yawancinsa baƙi da fari ne. To ku tuna Alƙur'aninmu na hannu, na ruwayar Warshu, wanda kakanninmu suka zo da shi suka tarar da mutanen nan suna karatu da Duri. Baƙaƙen da baƙar tawada, wasulla da ja, hamza da ɗorawa, alamar wasali da kore. A faifai duk wannan ya zama toka-toka. Haka littafin da aka rubuta matani da ja, sharhi da baƙi, sai su cakuɗe. Na biyu, takardar kanta tana magana. In ka ɗaga tsohuwar takarda ka yi wa rana, za ka ga alamar jinjirin wata uku a cikinta, takardar Italiya ce da fatake ke kawowa ta Tarabulus da Masar, kuma da irin wannan alamar masana ke kintatar shekarun littafi. Faifai ba ya nuna ta. Na uku, littattafanmu ba a ɗinke suke ba, ganye-ganye ne a cikin tadarishi. Abin da ke riƙe da jerinsu shi ne 'yar kalmar nan da mai kwafa ke rubutawa a ƙasan shafi, wadda ita ce farkon shafi na gaba. In mai kyamara bai iya karatu ba, yadda ya tarar da ganyen a hargitse haka zai ɗauka, hargitsin ya zauna har abada. In kuma ya matse hoton ya yanke gefe, to ya yanke abin da ya fi komai tsada, wato ƙananan bayanan da malamai ke rubutawa a gefe da tsakanin layuka, da Larabci da ajamin Hausa da Fulatanci. Matanin Risala ko Ishmawi ana sayar da shi a kowace kasuwa. Fassarar da kakanka ya rataya a ƙarƙashin kalma mai wuya kuwa, ita kaɗai ce a duniya.

Sannan faifai yana tsoron zafi da laima, mu kuwa ƙasarmu ba ta rasa ɗaya daga cikinsu. Tsohon fim da aka yi amfani da shi a shekarun da nake magana, in ya sha zafi sai ya fara warin khal, ya kumbura, ya lanƙwashe, ya manne. Sabon da ake yi yanzu da wata roba mai ƙarfi, masana sun ƙiyasta zai kai shekara 500, amma da sharaɗin ɗaki mai sanyi marar laima. Wanda ya san yadda wutar lantarki take a garuruwanmu ya san nauyin wannan sharaɗi.

Ɗalibin nan nawa ya ce, "To Malam, ai kwamfuta ta kashe shi." Ba ta kashe shi ba, da farko ma aiki ta ba shi. Daga shekarun 1960 aka samu na'urar da kwamfuta ke rubutawa kai tsaye a kan fim ba tare da an bi ta takarda ba. Bankuna da ofisoshin gwamnati suka rungume ta. Manyan ɗakunan karatu kuma, waɗanda a da suke da dogayen akwatuna cike da katuna, kati ɗaya littafi ɗaya, a shekarun 1970 da 1980 sai suka koma fitar da jerin littattafansu daga kwamfuta zuwa falle. Irin wannan falle yana ɗaukar shafi 270. Jerin da zai cika ɗaki ya koma cikin ambulan, ana sabunta shi, ana aika wa wasu garuruwa ta gidan waya. Da intanet ta zo wannan ya wuce. Amma abin mamaki, yau hanyar ta juyo. Manyan ma'adanai suna ɗaukar hoto da kwamfuta, sannan su sa a rubuta shi a fim a ajiye. A 2017 an buɗe wata ma'ajiya a cikin tsohon ramin haƙar kwal a tsibirin Svalbard na ƙasar Norwe, can cikin ƙanƙara, kuma a fim ake adana abin da ƙasashe ke kaiwa. Dalilinsu kowa a cikinmu ya ɗanɗana shi. Wa ke da na'urar da za ta buɗe faifan kwamfutar da aka yi amfani da shi shekara talatin da suka wuce? Nawa ne a cikinmu wayarsu ta faɗa ruwa ko aka karɓe ta a hanya, hotunan shekara goma suka tafi? Fim kuwa, in akwai hasken rana da gilashin ƙara girma, ana karanta shi.

Saura darasi ɗaya daga tarihin nan, kuma da wuta aka koye shi. A watan Mayu 1992 aka harba wa Cibiyar Nazarin Gabas ta birnin Sarayebo a Bosniya wuta. Littattafan hannu sama da 5,000 na Larabci da Turkanci da Farisanci suka ƙone, kuma faya-fayan da ke cikin ginin suka ƙone tare da su. Bayan yaƙi sai aka koma bin masu bincike na ƙasashen waje ana roƙo, duk wanda ya taɓa ɗaukar hoton wani littafi daga can ya taimaka ya aiko. Abin da ya tsira shi ne abin da ya yi nisa da gida. A Tumbutu, a watan Janairu 2013, kimanin littattafai 4,000 suka salwanta a cibiyar Ahmad Baba, mafi yawan na garin kuwa sun tsira don an riga an fitar da su a ɓoye zuwa Bamako. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya karanta sira. Bayan yaƙin Yamama, da mahaddata suka yi shahada da yawa, Sayyidina Abubakar ya sa Zaidu ɗan Sabit ya tara Alƙur'ani a rubuce. Sayyidina Usmanu kuma bai tsaya ga kwafi ɗaya a Madina ba, ya sa aka yi da yawa ya aika manyan birane.

Mu ma namu ya zo. Yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023, kuma a cikin makonnin farko ɗakin karatu na Cibiyar Muhammad Umar Bashir a Jami'ar Ahliyya ta Umdurman ya ƙone. Muna nan Madani muna karɓar 'yan gudun hijira a makarantu da masallatai, muna ganin mu wuta ba za ta iso mu ba. A watan Disamba ta iso. Kun san yadda muka fita, ba sai na faɗa ba. Na ɗauki yara da takardun shaida da maganin mahaifiyarsu. Akwatin littattafan kakana, wanda na dawo da shi gidana bayan rasuwar Baba, na tura shi ƙarƙashin gado na ce kwana nawa ne. Da muka dawo bayan Janairu 2025 na tarar da ƙofa a ɓalle, akwatin a buɗe a tsakar gida, damina guda ta wuce a kansa. Mai neman zinariya ne ya zazzage shi, bai ga abin da yake so ba ya tafi.

Abin da kwamiti ya tsayar, kuma na goyi baya, shi ne wannan. Ba mu da kyamarar maikurofim, da waya mai kyau za mu fara, kuma ita tana da falala ɗaya a kan tsohon faifai, tana kama ja da kore. Littafi ba zai bar hannun mai shi ba ko na sa'a ɗaya. A gabansa za a ɗauka, a farfajiyar masallaci ko a zaurensa, ranar Alhamis bayan la'asar. Ɗalibi mai karatu ne zai juya ganye yana bin kalmar ƙasan shafi, kuma za a ɗauki shafi har gefensa, har bangon fata. Abin da mai shi ya ce na asiri ne ko na iyali, ba za a taɓa ba. Kwafi ɗaya a ba shi, ɗaya a masallaci, ɗaya a aika wa 'yan'uwanmu da ke wajen ƙasa, har Allah Ya hore mana wata jami'a da za ta karɓa ta mayar da shi a fim. Baba Alhaji da Baba Malam da suka ƙi a wurin zama, ni ɗanku ne, zan zo gida in gaishe ku mu ƙara magana.

Ni zan fara kawo nawa, abin da ya saura. Risala ce ta hannun kakana, rabinta ya manne ya zama kamar tubali. A bayanta akwai ganye uku da ya rubuta zangon hanyarsu da ajami: Kano, Borno, Fort Lami, Abeshe, Adare, Junaina, Fashir, da inda suka tsaya suka yi noma shekara biyu, da sunan wanda aka haifa da wanda aka binne a kowane zango. Tun ina yaro Baba ke karanta mana su da daren sallah. Biyu na samu, na ukun ban gan shi ba, na tona tsakar gidan har ƙasa. Na biyun ya tsaya a Nuhud. Kakana ya taho ne a ayarin mutanen ƙasar Kano da suka sauka kusa da Sinnar kafin a gama ginin madatsar ruwa a 1925, daga baya suka watsu a ƙauyukan Jazira. In akwai wanda kakansa yake cikin wannan ayari, kuma ya bar rubutu ko an riƙe labarin da ka, daga Nuhud zuwa Ubayyid zuwa Kosti, don Allah ya same ni bayan sallar asuba. Akwai wata yarinya da aka binne a wannan tsakanin, ƙanwar mahaifina ce, kuma sunanta ya ɓace mini.